Jan-baki, kachala da ruwan Tiga: wa ake saurara a dausayin Haɗeja-Nguru?

Malamin Gona: Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara, da gero da shinkafa sun fara nono, sai koke kan tsuntsun jan-baki ya tashi daga Guri da Kirikasamma da Birniwa har Nguru da ƙasar Bade. Manoma na roƙon a turo jirgin feshi, masu kare tsuntsaye na cewa a yi hattara. Daga nan sai a ce faɗa ne tsakanin manomi da masu son tsuntsu, a rufe magana. Ni dai ina ganin an gajarta zancen. A wannan ruwan na dausayin Haɗeja-Nguru akwai masunci, akwai makiyayi, akwai mai saƙar kaba, akwai manomin rani na Kura da Kadawa, akwai ma mutumin Kano da ke jiran famfo. Kowannensu da abin da yake ganin ƙimarsa, kuma ba kasafai ake tambayarsa ba. Ta yaya za a gane abin da kowane ɓangare ya riƙe da daraja kafin a yanke hukunci? Ina son masana su sa baki.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Malam. Bari a fara da lissafin ɓarna don kada a raina kukan manomi. Jan-baki ɗaya nauyinsa bai fi giram 20 ba, amma ƙiyasin da aka fi amfani da shi shi ne yana ci yana zubar da kusan giram 10 na hatsi a yini. Garken tsuntsu miliyan ɗaya ke nan tan 10 a rana, wato buhu 100 mai kilo ɗari. Kuma ba ya raba ɓarnar daidai wa daida. Gonar da ke kusa da makwancinsa ko wadda ta riga sauran nuna ita ke shan kashi, mai ita ya tashi a tutar babu alhali maƙwabcinsa ya cika rumbu. Shi ya sa in ka kawo wa manomi lissafin jiha gaba ɗaya ka ce asarar kaɗan ce, zai ga kamar izgili kake masa.

Maman Ummi: A ƙara da yara. Makonni uku zuwa huɗu na ƙarshe kafin girbi, daga asuba har faɗuwar rana suna kan dandamali suna jan igiya mai gwangwanaye suna ihu. Makarantar boko da ta allo duk tsayawa suke yi. Wannan asarar ba ta shiga lissafin buhu.

Malam Gandu: Babu mai musun ɓarnar. Matsalar ita ce maganin da ake nema. Abin da aka saba fesawa shi ne fenthion, wanda ake sayarwa da sunan Queletox, kuma guba ce da ba ta zaɓen tsuntsu. Da magariba ake fesa shi, lokacin da garken ya taru a makwanci. In iska ta ɗan motsa sai feshin ya kauce ya sauka kan ruwa, ya kashe ƙananan ƙwarin da kifi ke ci. Da safe shaho da shirwa su sauko kan mushen, su ma su bi sahu. Balbela da zalɓe da ke kwana a gefen kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ba sa tsira. Mafi muni, mutane na tsince matattun tsuntsayen su soya, wasu har kasuwa.

Sannan feshin ba ya ƙarar da jan-baki. Tsuntsu ne mai bin damina, yana tafiyar ɗaruruwan kilomita, yana ƙyanƙyashe ƙwai cikin kwana goma ko makamancin haka, kuma cikin mako biyar zuwa shida an gama reno an tashi. An shafe shekaru masu yawa ana feshi a ƙasashen Afirka daban-daban, yawansa bai karye ba. Abin da feshi ke iya yi shi ne sauƙaƙa wa wani yanki na ɗan lokaci, in an dace da makwancin da ke ɓarnar kuma an yi kafin hatsi ya nuna. Sau da yawa kafin a gama takardu a samo jirgi, aikin gama ya gama.

Baban Khalifa: Malam Gandu, na ji. To manomi ya zauna ya zuba ido ke nan? Agwagin Turai da ake ƙirgawa duk Janairu ba su ne za su ciyar da iyalinsa ba.

Malam Gandu: A'a ranka ya daɗe, ban ce haka ba. Akwai shuka lokaci guda a fadama ɗaya don ɓarnar ta rarrabu, akwai gero mai gashi da ke sukar idon tsuntsu, akwai girbi da wuri a ƙarasa busarwa a gida. Akwai kuma kamu da raga cikin dare a makwanci, abin da Hajarawa na Chadi suka mayar sana'a, suna kai tsuntsun kasuwar Njamena. Kamu da feshi ba sa haɗuwa wuri ɗaya, dole a zaɓi guda a kuma sanar da jama'a. Amma tambayar da ta fi duka ita ce: me ya ba jan-baki makwancin da babu mai iya shiga, a tsakiyar gonaki?

Injiniya: Kachala. Ita kuma kachalar ruwa ne ya kawo ta, don haka bari in shimfiɗa yadda abin ya faru.

Kafin a gina madatsun ruwa, kogin Haɗeja na cika ne a watan Agusta da Satumba, ya malale fadama, ya ja da baya da kaka, da rani kuma rassa da yawa su ƙafe. A shekarun ruwa sosai ambaliyar kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga nan abu biyu suka canza. Na farko, tudun ambaliyar damina ya ragu, saboda madatsun na riƙe ruwan. Na biyu, ana sakin ruwa da rani don noman Kadawa da Auyo da kuma matatun ruwan Kano, sai ya zama kogin ba ya bushewa.

Kachala ba abin da take so irin ruwa marar zurfi, kamu ɗaya zuwa mita guda, da ba ya gudu sosai kuma ba ya ƙafewa. Da can rani ne ke kashe ta. Yanzu ta samu wurin zama, tana rage gudun ruwa, laka na kwantawa a gindinta, hanyar ruwa na ƙara cikewa, ita kuma tana ƙara yaɗuwa. Sakamakon shi ne rabon ruwan ya karkace: Marma, ɗaya daga rassan kogin, na ɗaukar kaso mafi tsoka tana kaiwa tafkin Nguru, tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana sun shaƙe, abin da ke isa Gashuwa daga ɓangaren Haɗeja ya zama kaɗan ƙwarai, mafi yawan ruwan Yobe daga kogin Jama'are yake zuwa. Shi ya sa mutanen Yobe da Borno ke ɗaga murya duk lokacin da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are.

To ka ga ƙauyen da ke gefen Marma kukansa ruwa ya cinye gona, wanda ke gefen Burum Gana kukansa ruwa bai zo ba. In ka tara su zaure ɗaya ka ce "me kuke so", amsa biyu masu karo da juna za ka samu, kuma duka gaskiya ne.

Maman Ummi: Injiniya, me zai hana a ƙone ta kawai da rani?

Injiniya: Hajiya, wuta ganye kawai take ci. Saiwar na kwance cikin laka, bayan 'yan makonni ta sake tohowa, tokar ma taki ce gare ta. Abin da ke kashe ta shi ne a yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda ƙasa da saman ruwan, domin ta cikin ganyen take tura iska zuwa saiwa. In kututturen ya zauna a nutse na makonni sai saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Ana maimaitawa sau biyu ko uku, kuma ya fi ci in an yi lokacin da ta fara fitar da kai, sa'ad da abincin da ke ajiye a saiwa ya yi ƙasa. Inda aikin ke lalacewa wuri uku ne: a yanka sama da ruwa, ko ruwan ya ja baya bayan yanka kututture ya leƙo, ko a bar abin da aka yanka ya bi ruwa ya toshe gaba. Injin yasa mai shiga ruwa na buɗe hanya da sauri, amma in tsarin sakin ruwa bai canza ba, shekara kaɗan ta dawo.

Ɗan Sarkin Ruwa: Allah ya saka da alheri Injiniya. Ga nawa ɓangaren. Masunci ba girman ruwa yake dubawa ba, lokacin zuwansa da lokacin komawarsa yake dubawa. Tarwaɗa da karfasa da bargi na bin sabon ruwa su shiga ciyawar fadama su yi ƙwai, 'ya'yan su yi girma a can inda abinci ke da yawa. In ruwa ya ja da wuri, 'ya'yan su maƙale a kududdufai su mutu. In bai malala ba sam, shekarar babu haihuwa. Kachala kuwa ta hana kwalekwale wucewa, ta hana jefa birgi, kalli ya sarƙe.

Amma kada mu wanke kanmu. Dumba, shingen kamun kifin da ake gicciyawa da guran Mali daga gaɓa zuwa gaɓa tana tare kifi babba da ƙarami, tana kuma tare shara da laka, ita ma tana taimaka wa kachala. Raga mai ƙananan idanu haka. Mai dumba ya biya kuɗin wurin, yana ganin haƙƙinsa ne, masuncin da ke ƙasa da shi yana ganin an tare masa arziki. Ke nan kalmar "masunta" kanta ba ɓangare ɗaya ba ce. Mai taru da jari daban, mai homa daban, baƙon da ke zuwa da kaka ya tafi daban, matan da ke banda da sayarwa daban.

Jikan Ardo: Haka ma makiyaya. Abin da fadama take a wurin mai shanu shi ne abincin ƙarshen rani, burgu da ɗanyar ciyawar da ke fitowa bayan ruwa ya ja, daga Fabrairu har saukar damina. Tun da aka hana shigo da alkama a 1987 aka kuma yawaita injinan ban ruwa, noman rani ya mamaye bakin ruwa. Wurin da shanu ke sauka su sha ya koma albasa da tattasai da alkama. Burtalin da ba shi da mashaya a ƙarshensa ba burtali ba ne. In kuma fadama ta rufe, ina za a nufa? Sai dajin Baturiya ko gefen Dagona, can kuma ma'aikatan gandu na jira. Ana kama shanu a ci tara, a rubuta cewa makiyaya ba sa mutunta doka, alhali tun daga bakin kogi aka koro su.

Wani abin kuma, ana kiran taron masu ruwa da tsaki ne a lokacin da ya dace da ofis. Makiyayin da ke zuwa da rani ba ya nan da damina. Wanda ake gayyata da sunansa sau da yawa mazaunin gari ne da ba shi da ko saniya a fadamar.

Dakta: Ina ganin hanya mafi adalci ita ce a yi wa komai kuɗi. An taɓa yin haka a wannan dausayin. A farkon shekarun 1990, ƙarƙashin shirin kare dausayin Haɗeja-Nguru da aka kafa a 1987, masana tattalin arziki irin su Edward Barbier sun lissafa abin da noma da kamun kifi da itace ke samarwa a fadama, suka kwatanta da abin da noman rani na Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan. Fadama ta yi rinjaye da ninki masu yawa, kuma ba a ma sa kiwo da cikar ruwan ƙarƙashin ƙasa a lissafin ba. Daga baya aka auna shi ma ruwan ƙasan. Abin na da muhimmanci domin injin ban ruwa na fetur ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. In ambaliya ba ta ciyar da ƙasa ba, ruwan rijiyar burtsatse ya sauka mita biyu kacal, manomi sai ya haƙa rami ya saukar da injin ko ya bar gonar. Irin waɗannan alƙaluman ne ke sa mai mulki ya saurara.

Baban Khalifa: Dakta, a yi adalci ga na sama su ma. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa na ciyar da dubban gidaje, an zuba dukiya a magudanan ruwan, ba za a ce musu su rufe ba. Kano kuma dole ta sha ruwa.

Injiniya: Ba sai an rufe ba. Ruwa mai yawa da ake saki da rani ba gona yake shiga ba. Wani ana sakinsa ne don kawai kogin ya yi tudun da zai kai bakin bututun matatar ruwa, saboda yashi ya canza hanyar kogin, saura ya wuce ƙasa ya ciyar da kachala. Wani yana zurarewa daga magudanai marasa gyara. In aka gyara mazuƙar ruwan, aka rage sakin rani, aka tara don a saki da ƙarfi a Agusta lokacin da Jama'are ma ke cike, za a samu ambaliya mai amfani da kuma ranin da zai busar da rassan. Sai dai ƙofofin Tiga ba su da girman da za su fitar da ruwa mai yawa lokaci guda, Challawa ta fi dacewa da wannan. Kuma kafin a yi, sai an buɗe hanyoyin da suka toshe, in ba haka ba cikin gari ruwan zai shiga. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa ba zai yarda da kalmar "sakin ruwa" cikin sauƙi ba, kuma yana da hujja.

Malamin Gona: Dakta, lissafin kuɗi na da amfani, amma ka lura: fiye da shekara talatin ke nan da fitowar wannan sakamakon. An sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008, gwamnonin jihohi shida suka kafa asusun kula da kogin a Damaturu a 2006. Ilimi bai yi ƙaranci ba. Abin da lissafin bai kama ba shi ne wanda ya ci riba da wanda ya yi asara ba mutum ɗaya ba ne, ba ma jiha ɗaya ba. Sannan akwai abin da mutum ba ya sayarwa. Ka ce wa dattijo za a biya shi diyyar gonar da ya gada don a mayar da ita hanyar ruwa, zai ji kamar ka ce ya sayar da sunan gidansu. Ardo ma haka yake ji game da mashayar da kakanninsa suka sauka.

Maman Ummi: Kuma abin da mata ke samu ba ya zuwa kasuwar da mai bincike ke zuwa. Kaba don tabarma da faifai, goriba, kanwa, ganyen miya, itacen girki. Motocin itace da ke fita daga dajin Baturiya kowa na ganinsu, amma ƙarin tafiyar da mace ke yi kafin ta samu na girki ba mai rubutawa. Ga sauro da tsargiya da ruwan kachala ke haifarwa, jinyar a kanta take ƙarewa.

Malam Gandu: To bari in faɗi yadda ake yin tambayar in ana son amsa ta gaskiya. Kada a fara da babban taro. In dagaci ko lawani na zaune, talaka ba zai saɓa masa a bainar jama'a ba, mace ba za ta yi magana ba, baƙo kuwa ko zama ba zai yi ba. A fara gaida masu gari a nemi izini, sannan a zauna da kowane rukuni shi kaɗai, mutum takwas zuwa goma sha biyu, da harshen da suka fi sakewa, Hausa ko Badanci ko Barbarci ko Fillanci, mata kuma mace ta jagorance su.

A zana watanni goma sha biyu a ƙasa. A ce su nuna watan da suke son ruwa ya zo, watan da suke son ya tafi, da zurfin da ya ishe su, gwiwa ko ƙugu ko ƙirji. Sai a ba su ƙwayar wake ashirin su raba kan abubuwan da fadama ke ba su. Abin da ya fi adadin waken amfani shi ne gardamar da suke yi wajen rabawa, ita za a rubuta. Bayan haka tambaya uku: me za ka iya haƙura da shi in an ba ka madadi, me ba za ka taɓa bari ba, wa kake ganin ya jawo maka matsalar. A zagaya da ƙafa ko kwalekwale su nuna wuraren da idonsu. A dawo sau biyu a shekara, da kaka da tsakiyar rani, don a samu masu zuwa su tafi.

Abin da ke ɓata aikin: kuɗin zama, domin yana jawo waɗanda suka iya zaman taro maimakon masu sana'ar. Da zuwa da riga mai hoton tsuntsu, sai kowa ya faɗa maka abin da yake zaton kana son ji. Da alkawarin abin da ba ka da ikon cikawa.

In aka jera kalandun nan gefe da gefe, za a ga masunci da makiyayi da mai shinkafar fadama da mai ƙirga tsuntsu kusan abu ɗaya suke nema: ruwa ya zo da ƙarfi a Agusta, ya ja a hankali, ya bar 'yan tafkuna zuwa Maris. Agwagin da ke zuwa daga Turai ruwa marar zurfi mai fili suke so, kachala su ma ta kore su. Saɓanin gaske na tsakanin waɗannan da masu buƙatar ruwa kullum, sai kuma kan tafkunan ƙarshen rani.

Jikan Ardo: To tafkunan fa? A nan ake zub da jini.

Ɗan Sarkin Ruwa: Akwai tsarin da aka gada. Sarkin ruwa kan rufe tafki, ba mai sa ƙugiya sai ranar da aka buɗe aka yi su na gayya, irin abin da bikin kamun kifin Bade na Gogaram ya ginu a kai. Baƙin tsuntsaye na nan ne daga wajen Oktoba zuwa Maris. In rufewar ta dace da waɗannan watannin, aka ware gaɓa guda ta mashaya mai faɗin da garke zai sauka ba tare da taka shuka ba, aka buɗe su bayan tsuntsayen sun tashi, kowa ya samu wani abu. Kirinjijiya da ɗinya da ke nan duk shekara su ne za a yi wa dokar harbi lokacin ƙwai.

Malam Gandu: A waje da gandun daji wannan zai yiwu, kuma ya fi sintiri arha. A cikin Dagona kuwa, tana ƙarƙashin gandun ƙasa na Tafkin Chadi, dokar tarayya ta hana kamun kifi da kiwo, ma'aikacin da ke wurin ba shi da ikon sassautawa ko da ya ga dacewar hakan. Sai an kai maganar hukumar gandayen ƙasa a rubuce, da sa hannun masarauta da ƙaramar hukuma, a nemi yarjejeniyar yankin da ke kewaye da gandun.

Injiniya: Ɗan Sarkin Ruwa, kafin a kai ko'ina, ku fara da abin da ke hannunku. A kafa sandar awo mai zanen santimita a Likori inda Marma da Burum Gana suka rabu, da wata a kowane tafkin da ake jayayya a kai, mutum biyu daga ɓangarori daban-daban su riƙa karantawa duk Juma'a suna turowa nan. Wa ke da wanda zai iya ɗaukar na Likori?